Zoben da ke cikin jininka, da abin da dalma ta yi masa a Anka da Bukkuyum

Abokin ɗakina a makaranta ilimin sinadaran jikin ɗan Adam yake karantawa, ni kuma aikin jarida. Ana saura kwana biyu jarrabawarsu na shigo ɗaki na tarar ya cika takarda da wani zane: ƙananan zobba guda huɗu sun kama juna sun yi babban zobe, da ɗigo ɗaya a tsakiya. Na ce masa, "Malam, ka koma zanen hula ne?" Bai ko yi dariya ba. Ya ce, "Kai da ka fito daga Gummi bai kamata ka yi wasa da wannan ba. Shi ne abin da dalma ta hana jikin yaran Anka da Bukkuyum ƙerawa."

Ranar ban kwanta da wuri ba. Abin da ya koya mini, da wanda na bi na karanta daga baya, shi nake so in ba ka yau. Ka yi haƙuri da ni, akwai ɗan kimiyya a ciki, amma ba wadda za ta fi ƙarfinka.

Idan sa'ana ne kai, a 2010 muna firamare. Abin da na riƙe daga lokacin bai wuce maganar manya a ƙofar gida ba, wai yara na mutuwa a ƙauyukan gabas da mu, ana cewa ko iska ce ko sanƙarau. A watan Maris na shekarar ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, waɗanda suka fito sintirin sanƙarau, suka ci karo da ƙauyukan da yara ke jijjiga su suma su mutu, maganin maleriya kuma bai yi musu komai. Tun kafin nan mutanen ƙauyukan sun lura agwaginsu na ta mutuwa, ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Da aka kai jinin yaran ƙasar waje aka auna, sai aka ga dalma. Zinariya ta yi tsada, ana ɗebo dutse daga rami a kawo cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yaro ke rarrafe. Dutsen kuwa cike yake da dalma. A wasu wuraren da aka auna, fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙasar dalma ce. A ƙauyuka biyu da hukumar CDC ta Amurka ta bi gida-gida ta ƙidaya, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Gaba ɗaya an yi rashin yara sama da 400. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, 'Yargalma, Tungar Guru, Bagega. Ƙannenmu ne, da yanzu suna riƙe da waya kamar yadda kake riƙe da taka. Allah ya jiƙansu.

Wannan ɓangaren kowa ya ji shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne me dalma ke taɓawa idan ta shiga jiki. A nan zanen abokina ya shigo.

Matsa tafin hannunka da yatsa ka saki, za ka ga ja ya dawo. Wannan jan na wani sinadari ne da ake kira hem, wanda ke zaune cikin himogulobin, wato abin nan da ake aunawa a ce jininka ya yi ƙasa, ko a ce wane sikila ne. Hem zobe ne, ƙwayar ƙarfe ɗaya a tsakiyarsa, ita ce ke ɗaukar iskar da ka shaƙa ta kai ta ko'ina a jiki. Kowane himogulobin yana da zobe huɗu. Kowace jar ƙwayar jini tana ɗauke da zobba kusan biliyan ɗaya. Ɓargonka kuma yana fitar da sababbin ƙwayoyi wajen miliyan biyu a kowace daƙiƙa. Lissafa da kanka. Kafin ka gama karanta wannan layin an ƙera zobban da ba ka da sunan adadinsu.

Maƙeran su ake kira enzayim. Enzayim furotin ne mai wani ɗan lungu a jikinsa, wanda abu ɗaya tak yake shiga daidai. Ya kama abin, ya lanƙwasa shi yadda yake so, ya haɗa ko ya yanke, ya saki, ya kama na gaba. A aikin hem su takwas ne a jere, kowa na miƙa wa na gabansa, kamar masu miƙon bulo a wajen gini.

Na farko yana ɗaukar abubuwa biyu da jiki ke da su a wadace, ɗaya daga abinci mai gina jiki mai suna gilaisin, ya haɗa su su zama wani ɗan guntun zare da ake taƙaita sunansa da ALA. Yadda aka gano haka ma labari ne. A 1945 wani mai bincike a Jami'ar Columbia da ke New York, David Shemin, ya haɗiye giram 66 na gilaisin da aka yi wa alama, ya riƙa ɗibar jininsa wata da watanni yana dubawa. Ya ga alamar ta ɓullo cikin hem. A nan ne kuma aka tabbatar jar ƙwayar jini wajen wata huɗu take rayuwa. Mutum ya mai da kansa ɓeran gwaji, ni dai na sara masa.

Na biyu sunansa ALAD, ka riƙe wannan sunan, za mu dawo kansa. Shi yana ɗaukar guntayen zaren nan biyu ya ɗaure su su zama ƙaramin zobe mai kusurwa biyar. Kowane ƙaramin zobe yana fitowa da hannu biyu a gefe, ɗaya gajere ɗaya dogo.

Na uku yana jera ƙananan zobban guda huɗu, ɗaya bayan ɗaya, su zama sarƙa. Shi wannan yana da wata dabara da ta ba ni dariya: da kansa yake ƙera wa kansa turke daga irin zobban da yake aiki da su, ya liƙa biyu a jikinsa dindindin, a kansu yake ɗaura sauran huɗun, in sun cika ya yanke ya saki, turken na nan yana jiran zagaye na gaba.

To a nan ne abin mamakin yake. Ka ɗauka 'yan mata huɗu ne a dandali suka jeru za su yi da'irar gaɗa, kowace da gajeren hannu a hagu, dogo a dama. Idan ta farko ta kama ta ƙarshe, da'ira ta rufe: gajere-dogo, gajere-dogo, gajere-dogo, gajere-dogo. Sarƙar nan ma in ka bar ta a ruwa, ba tare da wani enzayim ba, haka za ta rufe da kanta, tsaf-tsaf, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa. Sai dai wannan zoben mai kyan gani ba shi da amfani. Taki ɗaya yake yi a gaba, maƙerin da ke biye ya ƙi karɓarsa, ya tsaya nan ya zama shara.

Wanda jiki ke so karkatacce ne: gajere-dogo, gajere-dogo, gajere-dogo, dogo-gajere. Ta ƙarshe sai an juya ta. Aikin enzayim na huɗu ke nan, UROS. Kafin sarƙar ta rufe da kanta yake cafke ta. Ya ɗauko bakin zobe na farko, maimakon ya kai shi kusurwar da ke sake a jikin na huɗu, sai ya kai shi daidai kusurwar da na uku ke riƙe. Na ɗan ƙiftawar ido kusurwa ɗaya ta riƙe maƙwabta biyu. Sannan ya yanke tsohon riƙon, na uku ya zagaya ya kama kusurwar da ke sake. Da'ira ta rufe, zobe na huɗu ya kife, ba a zubar da ko ƙwayar zarra ɗaya daga jikinsa ba. An kawo wannan hasashen tun 1961, amma Alan Battersby da mutanensa a Jami'ar Cambridge ta Ingila sun shafe shekaru da dama suna gwaje-gwaje kafin su tara hujjojin da suka mara masa baya.

Kada ka ce ai juya abu ɗaya ne kawai. Akwai waɗanda ake haifa wannan enzayim ɗin nasu bai aiki sosai, cutar Günther ake ce mata, ba ta da yawa a duniya. Zoben banzan nan ne ke taruwa a jikinsu. Fitsari ya yi ja tun suna jarirai, haƙora su rine, fata ta riƙa ɗurar ruwa da zarar rana ta taɓa ta.

Wani abin kuma, wannan karkataccen zoben ba namu ba ne mu kaɗai. Koren ganyen shinkafa da kake gani a fadamar Gummi daga shi ya fito, sai dai tsiro maganiziyam yake sawa a tsakiya maimakon ƙarfe, ya ƙara wani ƙaramin zobe na biyar a gefe, shi ne kulorofil. Bitamin B12 ma jikansa ne. Can kuma ƙwayoyin bakteriya ne ke cire kabon ɗaya daga da'irar su tsuke ta, su dasa kobalt a tsakiya. Mutum bai iya yin B12, tsiro ma haka, shi ya sa muke samunsa a nama da nono, don bakteriyar tumbin saniya sun riga sun yi mana aikin. Da masana suka ce bari su haɗa B12 da hannunsu, Robert Woodward a Harvard da Albert Eschenmoser a Zurich, da masu bincike wajen ɗari, sai da suka haura shekara goma kafin su kammala a 1972. Abin da ƙwayar da ido bai gani ke yi a cikin saniyar Bafulatani tana kwance tana tuƙa.

Sauran enzayim ɗin suna gyaggyara hannayen, su daidaita zoben, na takwas ya dasa ƙarfe a tsakiya. Shi ke nan, hem ya fito.

Yanzu mu koma kan ALAD, na biyun nan. Shi ba ya aiki sai da zinki, sinadarin nan da ake ba yaro mai gudawa tare da ruwan gishiri da sukari. Ƙwayar zinki tana zaune a lungunsa, wasu yatsu uku masu farar wuta a baki suna riƙe da ita. Ita kuwa dalma ba abin da take so kamar farar wuta. Tana zuwa sai ta ture zinki ta haye kujerarsa. Ta fi shi girma, zamanta ya bambanta, aikin kuma ba ta iya ba. Maƙeri na biyu ya tsaya cak, guntayen zaren ALA su yi ta taruwa a jini su fita a fitsari, ƙananan zobba su yi ƙaranci. A can ƙarshen layi ma dalma tana hana ƙarfe shiga zoben da aka samu aka gama, sai zinki ya faɗa gurbin, a sami zobe wanda bai ɗaukar iska. Har akwai gwajin jini da ke auna wannan zoben mai zinki don gane wanda ya daɗe yana shaƙar dalma. Yaro ya ɗashe, ya yi fari fat, ya rasa kuzari, a yi ta ba shi maganin ƙarin jini ba a ga canji ba.

A nan sai na yi wa abokina gyara kaɗan, shi ma ya yarda. Ba ƙarancin jini ne ya kashe yawancin yaran nan ba. Ƙwaƙwalwa dalma ta taɓa. Yadda take kwaikwayon zinki haka take kwaikwayon kalsiyam, wanda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi, idan ta yi yawa kuma ƙwaƙwalwar ta kumbura, shi ne jijjiga da suman da iyaye suka gani. Amma ALAD yana cikin waɗanda ke fara jin jiki, tun dalmar na 'yar kaɗan, tun yaro na wasansa ba wanda ya ga alamar komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Daga maki 5 a ma'aunin da ake amfani da shi take cewa a tashi a nemo inda yaro ke samunta. Daga 45 ake maganar magani mai ƙarfi. A ƙauyuka biyun can, kashi 97 cikin 100 na yaran da aka auna sun kai 45 ko sun wuce. Na'urar hannu da aka zo da ita iyakarta 65, da yawa sai dai ta nuna cewa abin ya wuce ƙarfinta. An sami wanda ya haura 400.

Me ya sa yara? Hannunsu kullum a baki, kuma hanjin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba. In ciki ba komai, ko jiki na ƙarancin ƙarfe, tsotsar ta ƙaru. Ga shi kuma masu binciken duwatsu na Amurka da suka duba samfurin Zamfara sun tarar da yawan dalmar ta rikiɗe zuwa wani nau'i mai saurin narkewa a ruwan ciki.

Maganin da MSF ta yi amfani da shi, wanda ake kira DMSA, da kwaɗayin dalma yake kama ta. Yana da hannu mai farar wuta har biyu, ya damƙe ƙwayar dalma ya zagaye ta, shi ma wani ɗan zobe ke nan, ƙoda ta tace su tare su fita a fitsari. Ya ceci dubban yara. Amma abu biyu ne bai iya ba. Bai gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu, kuma aikin banza ne in yaro zai koma tsakar gidan da ƙurar take. Dole sai an kankare ƙasar gida an zuba sabuwa tukuna. Dalilin da ya sa Bagega ta zauna jira ke nan. An share wasu ƙauyukan tun 2010 da 2011, ita kuwa da ta fi su girma ba kuɗi, likitoci na kallo ba halin farawa. Sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka taso da gangamin #SaveBagega a Twitter da Facebook, ƙungiyoyi suka mara musu, sannan a Janairun 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin, aka share garin a shekarar. Duk lokacin da wani ya ce maka surutun intanet bai taɓa tsinana komai ba, ka tuna masa da wannan. Amma ka faɗa masa har da shekara ukun da aka yi ana jira.

Maganar ba ta zama tarihi ba fa. A 2015 irin haka ta faru a Shikira ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. MSF ta miƙa aikin Zamfara ga hukumomin jiha a 2022. Haramcin haƙar ma'adinai da aka sa a 2019 an ɗage shi a Disambar 2024, kuma ni da kai mun san ko lokacin haramcin ramuka ba su zauna shiru ba. Ba zan tsaya nan in ce wa saurayin da bai da gona, ko wanda rashin tsaro ya raba da gonarsa, ya bar rami ba. Ban da abin da zan ba shi a madadi. Abin da zan ce masa bai da tsada: dutse kada ya shigo gida, injin da ya niƙa dutse kada ya niƙa hatsi, buhun da ya ɗauko dutse kada a shimfiɗa shi a shanya tsaba, a jiƙa dutse kafin a niƙa don ƙura ta kwanta, a yi wanka a sauya kaya a wajen aiki kafin a dawo a ɗauki yaro.

Akwai kuma wadda ke cikin ɗakin kusan kowace uwa, ba ruwanta da rami. Kwalli. Na dutse mai ƙyalli ɗin nan, asalinsa dalma ce haɗe da farar wuta, ƙawancen da na faɗa maka ɗazu. A 2012 CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka sami dalma a jininsa, da aka bi sawu sai aka tarar tozalin da ake sa masa ne, kashi 82.6 cikin 100 nasa dalma ce. Jariri ya murza ido ya kai hannu baki, shi ke nan. Na gwada yi wa Inna wannan bayanin da na je hutu, ta dube ni ta ce da shi aka raine ni ga ni har jami'a. Ban iya ba ta amsa ba a lokacin. Na dai roƙi matar yayana ta daina sa wa jaririyarta, ta ce za ta duba.

Abu na ƙarshe da abokina ya faɗa mini shi ya fi tsaya mini a rai. Dalmar da ba ta fita ba ƙashi take komawa ta kwanta, tana iya yin shekara ashirin ko fiye a can. Idan mace ta sami ciki, jikinta yana ɗebo kalsiyam daga ƙashinta don gina na ɗan tayi, dalmar ta biyo shi ta koma jini, ta ratsa mahaifa. Haka ma lokacin shayarwa. Yarinyar da take da shekara uku a Dareta ko 'Yargalma a 2010, ta sha ta tsira, yanzu ta isa aure, wata ma tana goyo. In ke ce, ko matarka ce, ko ƙanwarka, ranar da aka je awon ciki a gaya wa ma'aikaciyar asibiti sunan ƙauyen da aka tashi, da ko an taɓa niƙa dutse a gidan, a kuma tambaya ko akwai inda za a auna dalma a jini.